Banki ya ɗauke ni ta hannun kamfanin ɗaukar ma'aikata: akwai tabbas a wannan aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano, albashin kaɗan ne amma hankalina a kwance yake. Na yi intabiyun aikin kashiya a wani banki, na ci. Da takardar kama aiki ta zo, sai na ga ba sunan bankin ne a kai ba, na wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne, wa'adin shekara ɗaya, wai ana sabuntawa. Albashin ya kusa ninka na makaranta, kuma an ce mini in na yi ƙoƙari bankin zai mayar da ni ma'aikacinsa na dindindin. Ina shirin aure, ina tsoron kada in saki na hannu in kama na guje. Akwai tabbas a irin wannan aiki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe a harkar kula da ma'aikata, na rubuta irin wannan takarda da ke hannunka, na kuma zauna teburin sasanci bayan an sallami masu riƙe da ita. Saboda haka ba zan ɓoye maka ba: tabbas irin wanda kake nufi, wato ka kwana ka tashi da sanin cewa muddin ba ka yi laifi ba aikinka na nan, babu shi a wannan tsari. Wannan bai mayar da aikin na banza ba. Sai dai wanda ya shiga da sanin inda igiyar take ɗaure, fitarsa daban take da ta wanda ya shiga yana zaton banki ne ya ɗauke shi.

Yarjejeniya biyu ce a nan, kai kuwa ɗaya aka nuna maka. Ta farko tsakaninka da kamfanin da ya ɗauke ka, ita ce ka karanta. Ta biyu tsakanin kamfanin da banki, inda banki ya ce a kawo masa kashiyoyi kaza a kan kuɗi kaza na tsawon lokaci kaza. Ba za ka taɓa ganin ta biyun ba, ba ka san ranar ƙarewarta ba, ba ka san sharuɗɗan warware ta ba, alhali a kanta aikinka yake zaune. Kamar wanda ya kama hayar ɗaki ne a hannun ɗan haya: ko yana biyan kuɗinsa a kan kari, bai taɓa faɗa da kowa ba, ranar da mai gida da ɗan hayan suka raba gari shi ma kayansa na waje. Wannan shi ne asalin rashin tabbas ɗin, kuma ƙwazonka ba ya maganinsa.

Ba kai kaɗai aka yi wa haka ba, tsari ne da ya game ƙasa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 da 2020 sun nuna cewa fiye da mutum 4 cikin kowane 10 na ma'aikatan bankunan Najeriya 'yan kwantiragi ne. Haka abin yake a kamfanonin mai da na waya, haka a masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa, inda ɗan kwangila ke kawo leburori bakin get. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Banki yana biyan ƙasa da abin da zai biya nasa ma'aikacin, ba ya ɗaukar nauyin garatuti, kuma in kasuwa ta yi sanyi yana rage mutane ba tare da ya rubuta wa kowa takardar sallama ba. Ka tuna lokacin kullen korona a 2020. Da aka fara maganar rage ma'aikata a bankuna, 'yan kwantiragi aka fara nunawa da yatsa, har sai da Babban Banki da kwamitin shugabannin bankuna suka fito a watan Mayu suka ce a dakatar da sallamar kowa.

Ga yadda ƙarshen yakan zo in ya zo. Kai da na kusa da kai kuna kanta ɗaya, kuna ƙirga kuɗi iri ɗaya, manaja ɗaya ke yi muku faɗa, sai dai katin wuyanka da nasa ba iri ɗaya ba ne. Ran nan da yamma, bayan an rufe lissafi, sai ka ga kwamfuta ta ƙi karɓar lambar shigarka. Manaja bai kore ka ba, ba shi ma da ikon korarka a takarda. Abin da ya faru shi ne hedikwata ta aika wa kamfaninku saƙo cewa ba a buƙatar wane da wane daga Litinin. Ka kira kamfanin, wata murya daga Legas ta ce maka ba a sallame ka ba, ka zauna a gida za a neme ka in an samu wani wurin. Albashi kuwa ya tsaya daga ranar. Wannan zaman jiran, wanda ba aiki ba ne kuma ba sallama ba, shi ne ya fi cutar da mutane, domin babu takardar da za ka kai wani wuri, babu kuɗin notis, kai kuma kana jin nauyin neman wani aiki tunda an ce za a kira ka.

To me doka ta ce? Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda asalinta ta 1974 ce, ba ta haramta wannan tsari ba. A Sashe na 91 ma ta ce mai ɗaukar aiki ya haɗa da wanda ya ɗauki mutum don ya yi wa wani aiki. Ke nan a idon doka kamfanin da sunansa ke kan takardarka shi ne ubangidanka na farko. Kariyar da ta tanada kuwa ba ta da kauri. Sashe na 11 ya yanka mafi ƙarancin notis: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda ya kai shekara 2 bai cika 5 ba, wata 1 ga wanda ya yi shekara 5 ko fiye. Ana iya biyan kuɗi a madadin notis ɗin. Dubi inda ka faɗa: a shekararka ta farko, bayan ka wuce wata 3, in takardarka ba ta ba ka fiye da haka ba, mako guda ne tsakaninka da titi. In kuma wa'adin shekarar ne ya cika aka ƙi sabuntawa, ko wannan makon babu, domin yarjejeniya ce ta ƙare da kanta, ba wanda ya kori wani.

Shi ya sa nake cewa kada ka karanta takardar nan kamar wanda ke neman layin albashi kawai. Zauna da ita da biro. Nemo inda aka faɗi notis, ka ga ko iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu; akwai takardun da ke ɗora maka wata guda in za ka tafi, su kuwa mako ɗaya ya ishe su. Nemo jimlar da ke cewa aikinka zai ƙare da zarar banki ya daina buƙatarka, kusan kullum tana nan, a tsakiyar shafi na biyu ko na uku. In ka same ta, ka tambaye su a rubuce: in banki ya mayar da ni, za a biya ni kuɗin notis, ko zaman jira zan yi ba albashi, kuma na tsawon wane lokaci? Amsar da za su ba ka, ko ƙin amsawar, za ta gaya maka irin kamfanin da kake shirin shiga. Sashe na 7 na dokar ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da farawa, har da albashi da lokutan aiki da hutu da notis, don haka tambayar nan ba rashin kunya ba ce. Hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki bayan wata 12, da hutun rashin lafiya na kwana 12 da albashi in likita ya ba da shaida, duk haƙƙinka ne ko da ta hannun wa aka ɗauke ka.

Wani abin da ba a cika gaya wa sababbi ba shi ne canjin kamfani. Banki yakan ƙare da wannan ɗan kwangila ya ɗauko wani. Ku ma'aikata ba ku motsa daga kujerunku ba, sai a kawo muku fom a ce ku ajiye aiki da tsohon kamfani ku cike na sabo. Da ka sa hannu a takardar ajiye aiki, shekarun da ka tara sun koma sifili, duk wani haƙƙi da ke bin tsawon aiki ya tafi da su, kuma a takarda kai ka tafi da ƙafarka. Sashe na 10 ya ce ba a mayar da ma'aikaci daga hannun wani zuwa wani sai da yardarsa da sa hannun jami'in ƙwadago. In ranar ta zo, nemi a rubuta cewa shekarunka na baya suna cikin lissafi, ko tsohon kamfanin ya biya ka abin da ke tsakaninku kafin ka sa hannu. Mutum ɗaya ba ya iya tsayawa a kan wannan, amma kashiyoyin reshe biyar in suka haɗa baki ana saurarensu.

Yanzu alƙawarin mayar da kai na dindindin. Yana faruwa, na ga waɗanda aka mayar. Sai dai duba takardarka, za ka ga ba ya ciki, kuma wanda ya faɗa maka da baki ba shi ne mai yanke hukunci ba. Galibi ƙofar da ake shiga ita ce ta ɗaukar sababbin masu digiri, da jarrabawarta, da matakin sakamakon da ake nema, da iyakar shekarun haihuwa da yawanci ba ta kai 30 ba. Nan ne tarkon yake. Mutum ya shiga yana da shekara 25 yana jiran a tabbatar da shi, a sabunta masa sau huɗu, ranar da aka buɗe ƙofar a ce shekarunsa sun wuce. Ranar da ka fara aiki, nemi wani tsohon hannu a reshen ka tambaye shi mutum nawa aka mayar a gabansa da kuma takardun da suke da su. Abin da ya faɗa maka ya fi na wanda ya yi maka intabiyu nauyi. A lissafin rayuwarka kuwa, ka ɗauka babu wannan alƙawari. In ya zo, alhamdu lillahi.

Za ka ji masu cewa ai kotu tana kama banki. Akwai gaskiya a ciki. Tun gyaran tsarin mulki na uku na 2010, Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin duk wata rigimar aiki, ya kuma ba ta damar duba ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Tana da reshe a Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos, ba sai ka je Abuja ba. Wannan kotu ba ta tsayawa a sunan da ke kan takarda, tana duba abin da ke faruwa a zahiri: wa ya yi maka intabiyu, wa ke ba ka umarni, wa ke ba ka izinin hutu, wa ke ladabtar da kai. In ta ga banki ne ke yin duk wannan, tana iya cewa shi da kamfanin duk iyayen gidanka ne. Kotun Ƙoli ma ta taɓa bin irin wannan hanya. A 2018 ta yanke cewa ɗaruruwan masu gadin kamfanin mai na Mobil a Akwa Ibom, waɗanda kamfanin ya ce 'yan sanda ne na musamman ba ma'aikatansa ba, ma'aikatansa ne, domin shi ya neme su ya tantance su ya ɗauke su. Amma lura da abu biyu. Shari'ar ta ci fiye da shekara 10. Kuma kotu ba ta kallon ɗaukar aiki ta hannun ɗan kwangila a matsayin laifi a karan kansa. Inda kamfanin da ke tsakiya na gaske ne, mai biyan albashi da kansa, ba a cika ɗora wa banki nauyi ba. Kotu wurin karɓo haƙƙi ce bayan ɓarna, ba ta ciyar da amarya a watan da albashi ya tsaya. Kuma da takardu take aiki, don haka daga ranar farko ka buɗe fayil a gida: takardar kama aiki, kowace takardar sabuntawa, takardar albashi ta kowane wata, duk saƙon da manajan banki ya aiko maka na yabo ko na tuhuma. Kada ka bar su a imel ɗin ofis, shi ake fara rufewa.

Abin da na fi so ka sa wa ido shi ne abin da ba ya tafiya in aikin ya tafi, wato fansho. Dokar Fansho ta 2014 ta hau kan duk kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye, kuma kamfanin da ke kai wa banki kashiyoyi ya wuce nan nesa. Ana cire kashi 8 cikin 100 daga wajenka, kamfani ya ɗora kashi 10. In kuɗin da ake lissafi a kai naira 100,000 ne, naira 18,000 ya kamata ta shiga asusunka kowane wata, cikin kwana 7 na aiki da biyan albashi. Asusun naka ne, da sunanka da lambarka, kai ke zaɓar kamfanin fanshon da zai riƙe shi, kuma yana bin ka duk inda ka koma aiki. Cutar da aka fi yi a nan mai sauƙi ce: takardar albashi ta nuna an cire, asusu kuwa wayam. Na taɓa zama da wani da ya yi shekaru ana cire masa, sai bayan an sallame shi ya je karɓar wani abu ya tarar watannin farko kawai aka zuba, kamfanin kuma ya riga ya canja suna da ofis. Kada ka jira sai ranar. Bayan albashi na biyu ka nemi bayanin asusunka. In babu kuɗi, rubuta wa kamfanin, in sun yi shiru rubuta wa hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom. Doka ta ɗora wa irin waɗannan kamfanoni tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da suka riƙe ba a kowane wata. Amfanin asusun fansho ga mai irin aikinka a kusa yake: wanda ya rasa aiki kafin shekara 50 ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cirar har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa. Ga ɗan kwantiragi da ba shi da garatuti, sau da yawa wannan ne kaɗai kuɗin sallama.

Dokar nan kuma ta wajabta wa kamfani ya yi maka inshorar rai da ta kai aƙalla ninki 3 na albashinka na shekara, wadda iyali za su karɓa in ta Allah ta kasance kana bakin aiki. Tunda aure za ka yi, ka tabbata an rubuta sunan magajinka daidai. Sai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ambaci ma'aikacin wucin gadi ƙarara. Kamfani ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin ma'aikatansa ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, ba a cirewa daga naka. In ka ji rauni a bakin aiki, ko adaidaita sahu ta kife da kai tsakanin gida da ofis, kana da haƙƙin diyya, amma ka sanar da kamfani cikin kwana 14.

Kafin duk wannan, tabbatar kamfanin kansa na gaske ne. Doka ta ce sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ake wannan sana'a. Ka nemi ganin nasu, ko ka leƙa ofishin ma'aikatar da ke jiharka ka tambaya. Masu lasisi da yawa suna cikin ƙungiyarsu ta HuCaPAN, wannan ma alama ce. In aka ce ka biya kuɗin fom, ko kuɗin horo, ko ka bar musu albashin watan farko, ja da baya. Banki ne ke biyan su ladan kawo ka. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu a 2023, ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi daga mai neman aiki. Takardun makarantarka na asali kuwa, a gani a mayar maka. Kada ka bar su a durowar kowa.

Aikin kashiya yana da nasa haɗarin da ya sha bamban da na aji. In aka rufe lissafi da yamma aka ga giɓi, kai za a ce ka cike, kuma naira dubu ashirin da ta salwanta a cikin hayaniyar ranar biyan albashi ba ta tambayar ko kai ɗan kwantiragi ne. Karanta abin da takardarka ta ce game da giɓi da yadda ake cirewa. Za a kuma ce ka kawo masu tsaya maka. Ka bayyana wa kawunka ko malaminka abin da zai sa wa hannu, domin in wani abu ya ɓace ƙofarsa za a buga. Kada ka taɓa ba wani lambar shigarka ta kwamfuta, ko da manaja ne ya ce ka ba shi na minti biyu. In aka yi ɓarna da ita sunanka ne a kai, ɗan kwantiragi ne mafi sauƙin sadaukarwa, kuma wanda aka kora bisa zamba ana kai sunansa Babban Banki, ƙofar aikin banki ta rufe masa baki ɗaya.

Batun ƙungiyar ƙwadago a taƙaice: Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin shiga, Dokar Ƙwadago kuma ta hana a gindaya maka sharaɗin ƙin shiga ko a kore ka saboda ka shiga. NUBIFIE ce ta ƙananan ma'aikatan banki da inshora. A aikace ana yi wa 'yan kwantiragi kallon banza in suka ɗago maganar, don haka ka san lambar wakilinsu tun kafin ka buƙace ta.

Saura abin da ka kira na hannu. Ƙanena, makarantar kuɗi ma a ƙarƙashin yarjejeniyar da mai makaranta zai iya warwarewa da ɗan notis take. Kana da takardar kama aiki a can? Ana zuba maka fansho? Ana biyanka a dogon hutu? In amsar duka a'a ce, to kwanciyar hankalin da kake ji sabo ne da mutuncin da ke tsakaninka da mai makaranta, kuma ba na raina wannan, amma ba tabbas ba ne. Da ni ne a matsayinka, in kamfanin yana da lasisi, ya amsa tambayar zaman jira a rubuce, kuma notis ɗinsa ya kai wata guda, zan karɓa. In ya gaza a lasisi ko ya nemi kuɗi, ba zan karɓa ba ko albashin ya ninka uku.

In ka karɓa, ka rabu da makarantar lafiya. Ba su notis cikakke, in zai yiwu ka kai ƙarshen zango, ka bar ƙofa a buɗe ko da darasin Asabar ne. Ka ci gaba da rayuwa a kan kwatankwacin tsohon albashinka, rarar ka tara har ta kai abin da zai riƙe gida wata 4, wato daidai tsawon jiran da doka ta yanka kafin ka taɓa fanshonka. Hayar gida da kayan lefe a auna su da abin da za ka iya biya ko da ba a sabunta ba, kuma kada ka ci bashin da wa'adin biyansa ya wuce wa'adin takardarka. Neman wani aikin kuma ka fara shi tun a wata na takwas ko na tara, kana da albashi a hannu, domin sanarwar ƙin sabuntawa takan zo ne a makon ƙarshe.